Ƙaramin Goro Ya Fi Babban Dutse: Kariya ga Gajerun Wasannin Kwamfuta

Akwai wata ɗabi'a da ta zame mana jiki, mu da muka yi boko har aka miƙa mana alli: duk sabon salon ba da labari da ya ɓullo cikin Hausa, sai mun yi shekara ashirin muna jifarsa, sa'an nan mu dawo mu rubuta kundin digiri a kansa. Haka muka yi wa littattafan soyayya na Kano. A shekarun 1990 masana sun yi ta gwabzawa a shafukan jaridun Nijeriya, wasu na cewa adabin kasuwa ne, ba zai ga baɗi ba. A 2007 har wuta aka cinna wa wasu daga cikinsu a bainar jama'a a Kano. Yau ga littattafan Balaraba Ramat Yakubu da na Ado Ahmad Gidan Dabino ana nazarinsu a jami'o'i, wasu ma an juya su zuwa Ingilishi. Ba wanda ya fito ya nemi gafarar marubutan. An dai yi shiru, an gyara zama, kamar da ma can ana tare.

Yanzu layi ya iso kan wasan kwamfuta da na salula. A ɗakin hutun malamai na kowane kolej da lise, daga Dogon Dutsi har Tibiri, hukuncin guda ne: shashanci ne, shi ya kashe karatu, shi ya hana yara barci. Maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Yaron da ya kwana yana harbe-harbe a Free Fire gobe gyangyaɗi zai yi a aji, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta sa jarabar irin wannan wasa cikin jerin cututtuka a 2019. Sai dai wanda ya ce nan wasan kwamfuta ya tsaya, tamkar mutumin da ya leƙa rumfar ƴan karta ne, ya fito ya la'anci takarda baki ɗaya, har da wadda ake rubuta wa uwa wasiƙa a kanta.

Akwai wani jinsi dabam, wanda masu wannan hukunci ba su taɓa ɗora ido a kansa ba. Gajeren wasa ne, daga minti biyar zuwa awa ɗaya ko biyu, wanda mutum guda ko ƴan tsirarun mutane suka ƙaga don su ba da labarin wani abu da ya same su a rayuwa. Matsayina a kansa shi ne: adabi ne cikakke, shi ne kuma ya fi dacewa da ƙarfinmu a nan ƙasar Arewa, kuma raini ne ya hana mu shi fiye da talauci.

Abin da ake magana a kai

Bari mu fara da kayan da kansu, don kada a yi ta cinikin biri a sama.

A 2007 wani Ba'amurke mai suna Jason Rohrer, yana ɗan shekara 30, ya fitar da wasa mai suna Passage. Tsawonsa minti biyar, ba ƙari. Wani ɗan mutum ne da aka zana da ƴan ɗigogi yake tafiya cikin siririn fili. Da farko-farko yakan iske wata mace. In mai wasa ya so, sai su haɗu su riƙa tafiya tare. In sun haɗu, akwai ƙananan lunguna masu dukiya da ba za su ƙara iya shiga ba, domin mutum biyu ba sa wucewa inda mutum ɗaya ke kutsawa. Ana cikin tafiya gashi ya yi furfura, matar ta faɗi, kabari ya tsaya a wurinta, shi kuwa ya ci gaba a sunkuye, a hankali, har nasa lokacin ya cika. Ba a faɗi kalma ko ɗaya ba. A 2012 babban gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York ya sa shi cikin wasannin farko da ya ajiye a taskarsa.

A 2016 wasu ma'aurata, Ryan da Amy Green, tare da ƴan abokan aiki kaɗan, suka fitar da That Dragon, Cancer, labarin ɗansu Joel wanda ciwon daji ya kama tun yana ɗan shekara guda, ya rasu a 2014 yana da shekara biyar. A wani wuri cikin wasan, mai wasa yana matsayin uba a ɗakin asibiti da dare, yaron yana ta tsala kuka. Ka ba shi abin sha, ya amayar. Ka rarrashe shi, kukan ya ƙaru. Duk abin da ka taɓa ba ya magani, sai addu'a ta rage. Duk wanda ya taɓa kwana a likita da yaro mai zazzaɓin cizon sauro a tsakiyar damina ya san wannan dare, ko da bai taɓa jin sunan Amurka ba.

A 2017 kuma aka fitar da Path Out, labarin wani saurayi ɗan Siriya, Abdullah Karam, wanda ya tsere daga garin Hama a 2014. Mai wasa shi ke jan ƙafar yaron cikin dare, tsakanin nakiyoyi da masu bindiga. In ya yi sakaci yaron ya mutu, sai Abdullah na gaskiya ya bayyana cikin hoton bidiyo a gefen gilashi, ya yi masa ƙorafi, domin ran da ake wasa da shi nasa ne.

To, mai karatu, a wane ma'auni za a auna waɗannan a ce ba adabi ba ne? Akwai jigo, akwai zubi da tsari, akwai salo, akwai tauraro, duk abubuwan nan da muke tilasta wa ɗalibai su zaƙulo cikin Ruwan Bagaja. Har akwai ƙari guda. Littafi yakan ba ka labarin mutumin da ya tsaya a mararraba. Wasa kuwa kai yake tsayarwa a mararrabar, ya ƙi motsi sai ka zaɓa. Mai karatu yana iya tausaya wa tauraro. Mai wasa nadama yake yi, domin hannunsa ne ya danna.

Albasa, da kuma "ka" da "kin"

Mu dawo gida. Sukukutane garin albasa ne, har masana noma sun laƙaba wa wata irin farar albasa sunan garin. Kowa a nan ya san lissafin da ke hana manomi barci da bazara. Kowa ya cire albasarsa lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas. In ka zuba ta a rudu ka jira wata huɗu ko biyar, kuɗinta zai ɗaga, amma wani kaso zai ruɓe, kuma ba ka san yawansa ba sai ranar da ka buɗe. Ga mai bashin iri da na man inji yana sallama a ƙofar gida. Ga ɗiya an sa ranar aurenta. Ga labarin hanya, wadda rufe iyakoki na 2023 ya koya wa kowa cewa tana iya toshewa dare ɗaya.

A ce wani ɗalibi ɗan manomi ya mayar da wannan wasa na minti goma. Shafin farko: buhu goma sha biyu, dillali a tsaye. Ka sayar, ko ka ajiye? Kowace amsa ta kai ka wani shafi, kowane shafi da nasa nauyi, kuma babu hanyar da za ka bi ka fita ba ka rasa wani abu ba. Ma'aikacin da ke zaune a ofis a Yamai, wanda yake ɗaukar manomi a matsayin mutumin da bai iya tattali ba, ya buga wannan sau uku, sau uku yana faɗuwa. Abin da zai fahimta a rabin awar nan, rahoto mai shafi ɗari ba zai cusa masa shi ba.

Akwai kuma wata kyauta da harshenmu ya yi wa wannan salo, wadda ni mai koyar da Faransanci da Hausa nake gani kullum a kan allo. Irin wannan wasa da mutum na biyu ake rubuta shi, wato ana magana da mai wasa kai tsaye. Wakilin sunan mutum na biyu a Faransanci guda ne ga namiji da mace, jinsi ba ya leƙowa sai nan da can a wutsiyar kalma. Ingilishi ma bai damu da bambantawa ba. Hausa kuwa ba ta yarda a yi jimla guda ba a bayyana ba: ko "ka tashi" ko "kin tashi", ko "kana" ko "kina", ko "za ka" ko "za ki". Saboda haka in yarinya ta rubuta wasa a kan ranarta, dole saurayin da ya buɗe shi ya ji ana ce masa: kin tashi tun kafin kiran salla, kin ɗebo ruwa, kin iso lakwal an rufe ƙofa, me za ki gaya wa mushe? Ɗan Arewa da bai taɓa jin an ce masa "ke" ba sai da zagi, ga shi zai amsa ta minti goma, ya yanke shawara a cikinta. Ban san wani darasin tarbiyya da zai yi wannan aiki ba, kuma nahawunmu ne ya ba mu shi kyauta.

Masu jiran jarumi

Raini na farko na dattawa ne da malamai, kuma shi ne mai sauƙi, don jahiltar abin ce ta kawo shi. Na biyu ya fi ciwo, domin daga masoya wasan yake fitowa. Ka zauna da matasan da suka iya kwamfuta, ka ce su ƙaga wasa na ƙasarmu, amsar da za ka ji ba ta wuce guda: Sarauniya. A zana ta da takobi da kwari da baka, ta yi tsalle, ta kashe sojan Voulet ɗari a matakin farko, ɗari biyu a na biyu.

Ba ni da ja a kan darajar Sarauniya Mangu. Abin da ya faru a Lugu a watan Afrilun 1899, lokacin da ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Voulet da Chanoine, abin alfaharin duk ɗan Arewa ne. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya yi fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Haka nan ina jinjina wa waɗanda suka share fage: Mahaman Sani Housseyni Issa a Yamai da wasansa Les Héros du Sahel, da su Olivier Madiba na Kamaru da suka fitar da Aurion a 2016 bayan shekaru suna fafutikar neman jari. Sun nuna ana iyawa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma a dubi abin da mafarkin jarumi yake jawo mana. Manyan wasannin yaƙi da yaranmu suka saba gani, ɗaruruwan ma'aikata ne suke shekara da shekaru a kansu, da kuɗin da ya fi kasafin wata ma'aikatar gwamnati. Saurayin da ya sa wannan a gaba, zai yi wata shida yana zana doki, ya gaji, ya bari, ya kammala da cewa sai an samu tallafi. Tallafin kuwa ba ya zuwa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, in ji masu iya magana, amma mu mun jingine guntun muna jiran injin yankan katako daga Turai.

Ko da an samu kuɗin ma, me za a haifa? Ƙwarangwal ɗin wasan na Japan ne ko na Amurka, an dai naɗa masa rawani an rataya masa laya. Sarauniyar da aka mayar injin kisa mai rai uku, wadda in ta mutu sai a danna ta tashi, ta yi nisa da matar da mutanen Lugu suke girmamawa. In har ana son Lugu a wasa, ga inda labarin yake: wata uwa a wani ƙauye da ke kan hanyar rundunar, ta hango hayaƙin garin da ke gaba da nasu, tana da ƴaƴa uku da jaki ɗaya. Wa za ta ɗora? Me za ta bari? Wannan minti goma ne, kuma ya fi gawa dubu a gilashi gaya wa yaro mene ne 1899.

Tushen abin shi ne mun yarda a zuci cewa rayuwar talaka ba ta cancanci tawada ba. Tarihin rubutunmu shaida ne. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bauta, ya bi Barth har Ingila, labarin rayuwarsa wani Bature mai suna Schön ne ya rubuta daga bakinsa, aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Baba ta Karo, wadda ta bar mana hoton rayuwar macen Bahaushiya da babu kamarsa, Mary Smith ce ta zauna ta saurare ta, littafin ya fito a 1954 da Ingilishi. Sau biyu ke nan baƙo ya ga zinariya a inda muke ganin turɓaya. Yau ma hakan na nan tafe. A 2017 wani ƙaramin kamfani a Faransa ya fitar da Enterre-moi, mon amour, inda mai wasa yake matsayin miji da ya rage a Homs, matarsa Nour tana kan hanyar gudun hijira zuwa Turai, ba abin da ke tsakaninsu sai saƙonnin waya. Wasa ne mai kyau. To amma wace unguwa ce a Arewa babu matar da ke zaune da salula a hannu tana jiran kira daga Legas, ko Abijan, ko Libiya? Ƴan bida namu ne, jiran namu ne, kuma in muka yi sanya, wani ne zai zo daga Paris ya ƙaga wasan, mu kuma mu yi layi muna yaba masa.

Masu faɗakarwa

Akwai kashi na uku, su ne waɗanda da zarar sun ji wannan magana za su ce madalla, ga sabuwar hanyar wayar da kai. Nan da nan a kira taron bita a otel, a raba jaka da alƙalami da kuɗin zama, a fito da wasa a kan wanke hannu ko auren wuri, wanda yake da amsa ɗaya ta daidai da amsa ɗaya ta kuskure, in ka danna ta daidai a tafa maka. Mun ga yadda wannan ruwa ya ci wasan kwaikwayo: dandalin da a da yake sa gari ya yi tsit a gaban rediyo, aka mayar da shi allon talla, kowane ɗan wasa yana haddace saƙon mai ba da kuɗi. Zaɓin da an riga an san amsarsa jarrabawa ce, kuma yaranmu suna da isassun jarrabawa. Yarinyar da za ta rubuta wasa a kan auren da aka yi wa yayarta ta san abin da takardar aikin ƙungiya ba ta sani ba: cewa uban ba dodo ba ne, cewa rumbu ya yi ƙasa a shekarar, cewa uwar ta yi kuka a ɗaki sa'an nan ta fito ta yi guɗa. A bar ta ta rubuta hakan yadda yake.

Batun kunya

Hujja mafi nauyi da na ji a kan wannan salo daga bakin masu hankali take fitowa, kuma ta cancanci amsa. Suna cewa: mu mutane ne masu kunya da rufin asiri. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta. Ɗabi'ar tallata ciwon zuciya a kasuwa ta Turawa ce. In muka koya wa yara su zuba sirrin gida a waya, mun ɓata tarbiyya da sunan adabi.

Haɗarin gaskiya ne, kuma duk malamin da zai shiga wannan aiki wajibi ne ya kafa doka tun ranar farko: ba sunan kowa, ba abin da zai sa a nuna wani gida da yatsa. Sai dai masu wannan hujja sun manta cewa kunya ba ta taɓa rufe bakin Bahaushe ba, hanya ta koya masa. Matar da ba ta iya fuskantar kishiya ko uwar miji, a bakin turmi take faɗin abin da ke ranta cikin waƙar daka, kowa ya ji, ba wanda zai kama ta. Habaici da zambo da karin magana duk ƙofofin baya ne da kunya ta gina. Kakar da ke ba da tatsuniyar marainiya da kishiyar uwa, wa ya tabbatar ba labarin kanta take bayarwa ba? Wasan da aka rubuta da "ka" da "kin" ƙofa ce irin waɗannan. Marubucin bai ce "ni" ba ko sau ɗaya. Ya tuɓe rigarsa ya sa wa mai wasa, shi ya koma gefe yana kallo. Wannan ya fi tarihin kai irin na littafi kusa da ɗabi'armu.

Babu kuran, babu kwamfuta

Saura hujjar talauci, wadda ita ce mafakar duk wanda ba ya son motsi. Gaskiya ne yawancin makarantunmu na karkara ba su da ɗakin kwamfuta, wasu azuzuwan ma na zana ne, rezo kuma sai an hau tudu. Amma a san nauyin kayan kafin a ce ba a iya ɗauka.

Akwai manhaja mai suna Twine, wadda Chris Klimas ya fitar a 2009, kyauta ce. Rubutu kake yi cikin ƴan akwatuna, duk kalmar da ka sa tsakanin baka biyu-biyu masu kusurwa sai ta zama ƙofa zuwa wani akwati. Wanda ya iya rubuta saƙo a WhatsApp zai koye ta a yini guda. Abin da take fitarwa fayil ne guda, wanda bai kai nauyin waƙa ɗaya ba, ana buɗe shi ba tare da intanet ba, ana tura shi daga waya zuwa waya kamar yadda ake tura waƙoƙi da wa'azi a tasha. Tana karɓar ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, ana kuma iya haɗa mata murya saboda wanda bai yi boko ba. Akwai Bitsy ta Adam Le Doux, ga mai son zane: kowane ɗaki murabba'i 16 ne a tsaye 16 a kwance, launi uku kacal. Akwai dandalin itch.io da aka buɗe a 2013, inda kowa ke iya ajiye wasansa ba tare da ya nemi izinin wani kamfani ba.

Aikin na ainihi ma ba ya bukatar kuran. Waɗanda suka yi karatu a inda akwai ɗakin littattafai za su tuna jerin nan na Gallimard, Un livre dont vous êtes le héros, inda ake cewa in ka zaɓi kaza ka tafi sakin layi na kaza. Kaye guda da biro sun isa: a yanka takardu ashirin, a sa musu lamba, a shimfiɗa a tabarma, a ja zare daga wannan zuwa wancan. Kwamfuta ɗaya ta aro ta isa a shigar da aikin aji guda a ƙarshen wata. Mu ne fa masu wasan kara, inda matasa ke ƙera mota da bindiga da na'urar ɗaukar hoto da karan gero, su kwaikwayi gwamna da jandarmomi har gari ya fashe da dariya. Mu ne muke haƙa ramu talatin a ƙasa mu yi dara da tsakuwa da ƴan itace. Ba mu taɓa jiran kaya daga waje ba kafin mu yi wasa, sai yanzu da muka yi boko.

Ga abokan aikina

Za a ce ba ya cikin tsarin karatu, ga BEPC na tafe. To me muke koyarwa a darasin rubutu in ba tsara labari ba? Shekara nawa muna ba yara jigon nan na yadda suka yi hutu, suna kawo mana labarin bakin teku da jirgin ƙasa da suka kwafo daga littafi, alhali hutun nasu a gona suka yi shi? Sun gane tun da wuri cewa rayuwarsu ba ta shiga takarda. Sambol ɗin da aka riƙa rataya wa wanda ya yi Hausa a harabar lakwal ya bar wuya, amma bai bar zuciya ba. Ɗalibin da zai tsara wasa mai rassa dole ya iya "in" da "idan" da "da a ce", dole ya san dalili da sakamako, dole ya sa kansa a matsayin mai karatu ya tambayi abin da zai yi a nan. Wanda ya iya wannan da Hausa, sharaɗin Faransanci ba zai ƙara ba shi tsoro ba.

Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Doka ta yi nata. Amma harshe ba ya rayuwa a jaridar gwamnati. Yana rayuwa ne a inda yaro ɗan shekara goma sha biyar yake kai idonsa in ba a tilasta masa ba, kuma wurin nan yau gilashin salula ne. In duk abin da ke motsi a gilashin nan da Faransanci ne ko Ingilishi, Hausa kuwa sai a sanarwa da gaisuwar mutuwa, yaron zai yanke hukuncinsa ba tare da ya karanta kundin ba.

Don haka ga abin da nake nema, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Malamin da zai sake cewa wasan kwamfuta shashanci ne, ya fara ba Passage minti biyar ɗinsa tukuna, sa'an nan ya yi magana. Kowane malamin Hausa ko Faransanci ya ware mako biyu a shekara, ɗalibai su yi wasan takarda ashirin a kan abin da idonsu ya gani: ranar kasuwa, jiran ɗan bida, daren da aka kai ƙane likita a amalanke. Matasan da suka iya kwamfuta su jingine dokin nan da suke zanawa, su zo su shigar da aikin ƙannensu. Ita kuma wannan mujalla, da take buga waƙa da gajeren labari cikin harsuna biyu, ta buɗe shafi huɗu ta buga wasa guda mai lambobi, da Hausa, daga alƙalamin ɗan kolej. In an buga shi aka ga ba adabi ba ne, masu suka su zo da hujjarsu a shafi na gaba, muna nan muna jira. Allah ya sa mu dace.